Inda Layi Ya Kwanta, Nan Amsar Take

An san gidajen Nassarawa GRA a Kano da yalwar fili da dogayen katangu. A ce mai lambu a ɗaya daga cikinsu yana da wayar shinge mai tsawon mita 40, yana son killace wurin shuka latas a jikin katanga, katangar ta tsare masa gefe guda. Yaya zai ja wayar ya sami fili mafi girma? Mai kirdado sai ya wuni yana kafa turaku yana tugewa. Gwanin kalkulas kuwa, biro da takarda sun ishe shi.

Faɗin wurin zai kira shi x. Gefe biyu sun cinye 2x, saura 40 − 2x na tsawo. Girman filin ya zama 40x − 2x². In aka zana wannan, lanƙwasa ce mai tudu ke fitowa.

Gwanintar tana nan. Ko'ina a kan lanƙwasar ana iya ɗora miƙaƙƙen layi ya shafe ta ya wuce, karkatarsa kuma ita ke nuna ko fili na ƙaruwa ko raguwa. Kamar hawan Dutsen Dala ne: muddin gabanka na yin sama, da sauran hawa, inda ƙasa ta baje, ka kai ƙololuwa. Karkatar a nan ita ce 40 − 4x, kuma tana zama sifiri idan x ya kai 10. Faɗi mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Gwada faɗin 8 ko 12, duka 192 za su ba ka.

Amma gwani ba ya tsayawa nan, domin a gindin kwari ma layi na kwanciya. Sai ya duba hagu da dama, ya tabbatar tudu ne ya taka.

Dabarar ta daɗe. Sharafuddin al-Tusi ya taɓo ta a ƙarni na 12, Fermat na Faransa ya faɗaɗa ta a shekarun 1630, Leibniz kuma ya wallafa ƙa'idojinta a 1684. Yau da ita injiniya ke rage ƙarfen da tankin ruwa zai ci.

Ɗalibi mai shirin WAEC ko mai karatu a Jami'ar Bayero, kada ka tsaya ga haddar ƙa'ida. Fara zana lanƙwasar, sannan ka nemi inda layin ya kwanta.