NEMAN LAMBAR YABO: ROƘO NE KO HAƘƘI?

Akwai zargin da ake yawan yi wa malaman jami'a masu bincike, wai sun fi kowa son yabo, wai da kin ga malami ya matsa wa manyansa da gaisuwa to wata kyauta yake hari. Ni dai a sakandare na tsaya, amma alƙalami ya haɗa ni da su, don ɗalibansu kan zo neman littattafanmu su yi nazari, kuma na san da yawa cikinku matansu ne ko ƙannensu. Shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Zargin yana da tushe, ba na musu. Duk wadda ta shiga falon wasu malamai ta ga bango cike da allunan katako masu ruwan zinare. Wata ƙungiya da ba a san ofishinta ba ta kama ɗakin taro a otal, ta aiko da takarda wai an zaɓe shi gwarzo, sai dai ya taimaka da kuɗin taro. Ya biya, a ɗauki hoto, matar gida kuma ta samu ƙarin abin goge ƙura. Ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya na aikinsa. Wannan ciniki ne, kuma da kuɗin cefane aka yi shi.

To amma lambar yabo ta gaskiya fa? Ita ma ba ta da ƙafa, ba ta zuwa gidan mutum da kanta. Ku ɗauki kyautar Nobel. A watan Satumba ake aika wa zaɓaɓɓun masana takarda su ba da sunan wanda suka ga ya cancanta, a rufe karɓa ranar 31 ga Janairu. Mutum ba ya ba da sunan kansa, kuma sunayen da aka bayar ana ɓoye su shekara 50. Ke nan komai girman aikinka, in ba wanda ya zauna ya rubuta sunanka, alƙalai ba su da hanyar duba ka. A nan gida kuwa, kyautar kimiyya da kamfanin gas na NLNG ya fara bayarwa a 2004, mai binciken ne da kansa yake miƙa aikinsa, kuma an yi shekarun da alƙalai suka duba suka ce ba wanda ya kai. Saboda haka malamin da ya je wajen babbansa da takardunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na yi, in ka ga ya isa ka ba da sunana," ni ban ga aibunsa ba. Aikin ya ajiye a gaba, kuma ya yarda a ce masa a'a.

Abin da ya dame ni shi ne waɗanda ba sa iya furta wannan magana, kuma yawancinsu mata ne. Mu da kunya aka rene mu, an ce yabon kai jahilci, sai mace ta yi aikin shekara 10 tana jiran a lura.

Kun san ƙwayar zazzabin cizon sauro ta kwana 3 da muke ba yaranmu? Sinadarin da ke cikinta daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi, kuma wata mata ce 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta jagoranci masu binciken da suka tace shi. A 1969 aka ba ta aikin, cikin wani shirin sirri na gwamnati. An yi ta dafa ganyen maganin ba ya ci yadda ake so, sai ta karanta a wani tsohon littafin magani cewa jiƙa shi ake yi a ruwa a matse, ta gane zafi ne ke kashe ƙarfinsa. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara gwada shi a jikinsu kafin a ba marasa lafiya. Da aka buga sakamakon a 1977, ba a sa sunan kowa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, maganin yana ceton rayuka, ita kuwa ba digirin dakta, ko cikin majalisar manyan masanan ƙasarta ba a sa ta ba. Sai da wasu masana biyu a Amurka, Louis Miller da Su Xinzhuan, suka bi diddigi suna tambayar wai shin wa ya gano wannan abu, suka rubuta suka fito da sunanta. Aka ba ta kyautar Lasker a 2011, sannan Nobel a 2015, tana da shekara 84. Har a lokacin ma wasu sun yi gunaguni cewa aikin taro ne, don me za a ware mutum ɗaya? Ba su yi ƙarya ba, sai dai da aka ambaci sunanta duniya ta ƙara jin labarin sauran.

Masu cewa aiki mai kyau shi yake tallan kansa, to nata shekara kusan 40 ya yi bai yi ba. Kuma Nobel ba a ba da sunan mamaci.

Don haka in ƙanwarki tana koyarwa a jami'a ta ce tana jin nauyin tunkarar farfesanta da maganar ba da suna, kar ki ce mata ta kyauta. Ki sa ta tattara abin da ta wallafa, ta rubuta a shafi ɗaya wane ne nata wane ne na abokan aiki, ta duba ranar da za a rufe karɓa, ta kai masa tun da sauran wata guda, don su ma manyan mantuwa gare su.