Waƙar da ba a fassara ba: kundin waƙoƙin Forrest Gump a kunnenmu

Ƴan uwa ɗalibai, yawancinmu da Faransanci muka kalli Forrest Gump. Tom Hanks ya buɗe baki, muryar wani Bafaranshe ta fito, muka gane, muka yi dariya. Amma da waƙa ta tashi sai fassara ta tsaya cak. Waƙar tana nan da Ingilishinta, mu kuma sai kaɗa kai. To a fim irin wannan waƙoƙin ma magana suke yi, kuma rabin zancen a bakinsu yake.

Fim ɗin Robert Zemeckis ne, ya fito a 1994. Kundin waƙoƙinsa faifai biyu ne, waƙa 32, kuma ɗaya tak Alan Silvestri ya tsara saboda fim ɗin. Sauran duk tsofaffi ne da Amurkawa suka daɗe suna ji a rediyo, tun daga Hound Dog ta Elvis Presley ta 1956 har zuwa Against the Wind ta Bob Seger ta 1980. Wannan dabara ba a kansa aka fara ta ba. Easy Rider ya yi ta a 1969 da kiɗan Steppenwolf, George Lucas ya yi ta a American Graffiti a 1973 da waƙa 41. Mai fim yana aron abin da ɗan kallo ya riga ya ajiye a zuciyarsa. Ba'amurke ɗan shekara hamsin ya ji gitar farko, nan take ya tuna motar ubansa da budurwarsa ta fari. Ni da kai ba mu da wannan ajiya, sai a bar mu da amo.

Mu ɗauki Fortunate Son ta Creedence Clearwater Revival, wadda John Fogerty ya rubuta a 1969. Ita ce ke tashi lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya kawo Forrest da Bubba Biyetnam. Wanda bai ji Ingilishi ba zai ɗauka kirarin soja ne, don kiɗan da zafi yake. Alhali waƙar kukan ɗan talaka ce: ana tura shi yaƙi, ƴaƴan sanatoci da attajirai suna zaune gida. Ka dubi su wa ke cikin jirgin. Ɗaya yaro ne daga ƙauyen Alabama da uwarsa ta raine shi ita kaɗai, ɗayan baƙar fata ne daga gidan masu kamun jatan lande. A wurin nan waƙar ta faɗi abin da Forrest ba zai iya faɗi ba, kuma na yaba wa Zemeckis.

Inda nake da ja shi ne kundin kansa. Da aka cire hoto, aka jera waƙoƙin kusan bi da shekara, sai komai ya zama daɗin tuna baya. Waƙar ƙin yaƙi da waƙar rawa da Sweet Home Alabama, wadda Lynyrd Skynyrd suka yi a 1974 don mayar wa Neil Young martani a kan sukar da ya yi wa kudancin Amurka, duk sun zauna tabarma ɗaya kamar ba su taɓa faɗa ba. Shekarun da mutane suka mutu a yaƙi da zanga-zanga sun koma abin saurare a mota.

A darasin ilimin harshe muna ganin yadda kalma ke sanyi idan ta sha amfani. "Wallahi" rantsuwa ce mai nauyi, amma yau a fada wajen shan shayi ta zama kamar waƙafi. Haka Fortunate Son ta zama. An yi ta saka ta a finafinai da wasannin kwamfuta har ma'anarta ta taƙaita ga abu guda: ga Biyetnam, ga jirage. Har kamfanin wando Wrangler ya taɓa yanko farkonta, inda ake zancen tuta, ya yi talla da shi, ya bar sauran da ke rushe wannan zancen.

Ba cewa nake aron tsohuwar waƙa laifi ne ba. A Guardians of the Galaxy na 2014 waƙoƙin suna cikin kaset ɗin da uwar Peter Quill ta haɗa masa kafin ta rasu. Ko ba ka jin kalma ɗaya, ka san maraya ne ke sauraren uwarsa. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard, kuma shi ne kundin fim na farko da ya kai can ba tare da sabuwar waƙa ko ɗaya ba. Labarin ne ya ba waƙoƙin dalilin zama, shi ya sa suka iso har kunnenmu.

Mu ma muna da misali a gida. A 2015 Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, ya fito a Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadez bisa tsarin Purple Rain na Prince. An ari babur da gita da rigimar ɗa da uba, amma waƙoƙin da Tamashek suke, na mutanen wurin. Sun san abin da ake ara da abin da ba ya aruwa.

Abin da ya sa na damu shi ne mu ne masu haɗa bidiyo yanzu. Kowa da salularsa, a Maraɗi da Damagaram da Yamai, ana ɗora kiɗan Turawa a kan hoton biki ko na kammala karatu saboda kawai ya yi daɗi. Da wani Bature zai ɗora waƙar Shago ta Ɗan Anace a kan hoton kai amarya, da mun yi dariya har da hawaye, don mun san waƙar dambe ce. To mu ma akwai masu yi mana irin wannan dariyar. Kafin ka ɗora waƙa, nemi kalmominta a intanet, ko ka kai wa ɗan sashen Ingilishi ya warware maka. Aikin minti biyar ne.