Ɗakin Sanyi na Kakuri: Yadda Gwani ke Riƙe Sashen Kwamfuta

Da ƙarar inji aka san Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin Fijo ya soma haɗa motoci a 1975, sannan aka buɗe matatar mai a 1980 can hanyar Kachia. Yawancin masaƙun sun yi shiru yanzu, KTL kanta ta rufe tun 2002, amma tsallaken kogin Kaduna bai mutu ba. Akwai masana'antun da ke numfashi, akwai manyan sito-sito, da asibitoci, da rassan bankuna a Barnawa da Sabon Tasha, ga tashar tsandauri da aka ƙaddamar a Kakuri a farkon 2018. Kusan kowanne cikinsu yana da wani ɗan ɗaki a kulle, mai sanyi kamar asubar hunturu, wanda yawancin ma'aikata ba su taɓa leƙawa ba. Ran da ɗakin nan ya tsaya, ba a yanka rasit, tirela ba ta fita geti, albashi ba ya shiga. Mai riƙe da mabuɗinsa shi ne shugaban sashen kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya ko da bai karanta injiniyanci ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a aikin gwanayensu shi ne, ba daga kwamfuta suke farawa ba. Sabon shugaba mai hankali yakan ɗauki ɗan littafi ya zaga kamfanin da ƙafa. Ya zauna da mai sito, ya tsaya bayan kashiya, ya je wurin mai awon motoci, ya shiga ofishin akanta. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa: "Baba, in wannan na'urar ta tsaya yau, awa nawa za ku iya yi kafin aiki ya lalace?" Mai sito ya ce rabin awa ma ya yi yawa in direbobi sun yi layi. Akanta ya ce shi yana iya haƙurin kwana biyu, amma ban da ƙarshen wata. Daga waɗannan amsoshi yake rubuta jerin abin da ba a yarda ya tsaya ba ko da minti goma, da wanda zai iya jiran la'asar, da wanda ko mako ya yi ba wanda zai kula. Duk kuɗin da zai nema, da duk daren da zai hana kansa barci, wannan jerin ne ke yanke hukunci a kansu.

Sai ɗakin. A tsakiyarsa akwai doguwar kabad ta ƙarfe da ake kira rak, an jera na'urori a ciki hawa-hawa. Akwai saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kamfani da manhajojinsa, sauran kwamfutocin ofis suna ɗebowa daga gare ta. Akwai suwic, akwatin da wayoyin kowane ofishi ke haɗuwa a jikinsa, da rawuta mai tsaye tsakanin kamfani da intanet. Can ƙasa, saboda nauyi, UPS ce da baturanta. Aikinta gajere ne amma babu kamarsa: daga lokacin da aka ɗauke wuta zuwa lokacin da janareto ya tashi ya daidaita, akwai 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci, kuma saba ba ta san haƙuri ba. In wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubuta lissafi, lissafin na iya gurɓata. Don haka gwani ba ya yarda da koriyar fitilar da ke jikin UPS. Lokaci-lokaci, ranar da aiki ya yi sauƙi, yakan sauke makunnin wuta da hannunsa, ya tsaya da agogo ya ga minti nawa baturan za su riƙe, ya rubuta. Batir yana tsufa a ɓoye, zafi kuma na gaggauta masa tsufa. Waɗanda suka yi wannan gwaji, suka kuma san litar man dizal nawa janaretonsu ke sha a awa, su ne ba su ruɗe ba a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hukuncin. Masana sun fi son zafin ɗakin saba ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, shi ya sa ake sa na'urar sanyaya ɗaki biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Da hunturu ƙura kan bi ta ƙarƙashin ƙofa ta toshe ragar da iska ke shiga, fankokin cikin saba su fara kuka. Gwani kan gane da kunne tun kafin na'urar awo ta faɗa masa. Da damina kuwa tsawa ce abokiyar gaba. Kafin ruwan farko yakan duba sandar jan ƙarfe da aka binne a bayan gini, da kaurin wayar da ta haɗa ta da rak, don in tsawa ta faɗo ta sami hanyar shigewa ƙasa, ba ta cikin na'urorin miliyoyin naira ba.

Ka dubi yadda yake ɗaura kai a wayar sadarwa, za ka san ko wane ne. Ya feɗe bayan wayar kaɗan, siraran wayoyi takwas su bayyana, bibbiyu a murɗe. Ya warware su, ya miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni, ya jera su bisa tsarin launi da bai taɓa sauyawa ba, ya yanke bakinsu daidai wa daida, ya zura cikin ɗan kan roba har sai ya hango jan ƙarfen kowace ya taɓa ƙarshe. Sannan ya matse da filaya ta musamman, ka ji ƙas. Bai gama ba. Sai ya soka kai biyun a na'urar gwaji, ya ga fitilu takwas sun kama ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata tsawon wayar bai wuce mita 100 ba domin daga nan saƙo ke fara raunana. Abu na ƙarshe, wanda malalaci ke tsallakewa, shi ne liƙa lamba a duka bakin biyu da rubuta ta a takarda. Minti ɗaya ne. Amma a ɗakin da ba a yi haka ba, wayoyi kan taru su cukurkuɗe a bayan rak, ran da ɗaya ta mutu a yini ana ja ana tambaya ta ofishin wa ce.

Layin intanet kuwa ba a dogara da guda. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sayen layi daga kamfani biyu bai isa ba in duka wayoyinsu na fayiba, mai zaren gilashi siriri kamar gashi, ta rami ɗaya suka bi a bakin titi. Katafilar masu gyaran hanya guda ɗaya sai ta tsinke su tare. Don haka gwani kan tambayi ta ina kowane layi ya biyo, ya sa ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta iska ko ta tauraron ɗan'adam, tunda Starlink ya shigo Nijeriya a farkon 2023. Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka rikice har nan Arewa. Kafin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, an rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Babu dabarar kwamfuta da ke gyara irin wannan. Shi ya sa a durowar gwani za ka tarar da littafin rasit na hannu mai lambobi a jere, da takarda guda mai bayanin wa zai rubuta, wa zai sa hannu, da yadda za a shigar da komai cikin na'ura in layi ya dawo.

Inda ilimin ya fi ɓuya shi ne wajen ajiyar kwafi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku na kowane muhimmin bayani, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin, don gobara ko ambaliya ba sa tambaya. Na'ura ce ke yin kwafin da kanta cikin dare. Da safe, kafin shayi, gwani ya buɗe rahoto ya ga ko ta kammala. To amma rahoton da ya ce an yi nasara magana ce kawai. Don haka yakan ɗauko kwafin daren jiya ya zuba a wata kwamfuta ta daban, ya kira akanta: "Hajiya, duba mana cinikin jiya ko ya yi daidai da naki." Sai ta ce ya yi, sannan ya yarda yana da ajiya. Kwafi ɗaya kuma yakan cire shi daga layi gaba ɗaya, saboda akwai muguwar manhajar da ke yin garkuwa da bayanai, ta kulle duk abin da ta iya kaiwa gare shi, masu ita su nemi kuɗin fansa. Abin da ba ya haɗe da layi, ba ta isa gare shi.

Sauyi shi ne babban gwajin shugabanci a wannan aiki, domin kamar sauya jinkar ɗaki ne ana tsakiyar damina, masu ɗakin kuma na kwana a ciki. Kamfani ya buɗe sabon sito a Zariya, ko hukumar haraji ta fito da sabon tsari, ko masu manhaja sun aiko da gyara, duk dole a taɓa abin da ke aiki. Gwani yana da tsari. Kafin ya taɓa komai yakan rubuta abin da zai yi, da wanda abin zai shafa, da yadda zai koma baya in ta ƙi. Ba ya sauyi ranar biyan albashi, ba ya yi da yammacin Juma'a. Yakan fara da kwamfutocin sashensa, in an kwana lafiya ya ƙara da ofishi guda, sannan sauran. Duniya ta ga amfanin wannan ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani gyara mai aibi daga kamfanin CrowdStrike ya sauka a kan kowa lokaci ɗaya, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Wani sauyin kuma da sanarwarsa yake zuwa. Microsoft ya faɗa tun da wuri cewa zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai himma ya ƙirga kwamfutocinsa, ya ware masu iya ɗaukar sabon da waɗanda suka tsufa, ya rarraba sayen a kan kasafin shekara biyu. Wani kuwa sai da ranar ta matso ya shiga ofishin manaja da lissafin da ba mai iya biya.

Maganar kuɗi ma fasaha ce. Lasin manhajoji da hayar ma'adanar intanet da ake kira girgije yawanci da dala ake biya, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A Afrilun 2024 kuɗin wutar kwastomomin rukunin A ya koma naira 225 kowane yunit. Shugaban da ya iya aikinsa ba ya shiga gaban manaja da sunayen na'urori. Cewa yake: "Ranka ya daɗe, in sabar nan ta mutu, lodi zai tsaya yini biyu, ga abin da muke sayarwa a yini, ga kuɗin sabuwa." Ya kuma iya cewa a dakata. In an dawo daga taro a Abuja ana ɗokin ƙirƙirarriyar basira, ba ya musu, ba ya rawar kai. Yakan tambaya wane aiki ake so ta rage, ya gwada a ƙaramin wuri, ya hana zuba sunayen abokan ciniki da albashin ma'aikata a manhajar da bai san inda take ajiye su ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ne kacal ya sanar da hukuma in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne mutane. Kalmar sirri a rubuce a ƙarƙashin allon rubutu, imel ɗin ƙarya da ke cewa dila ya sauya lambar asusu, ma'aikacin da ya bar aiki wata uku amma ƙofarsa ta shiga na'ura na nan a buɗe. Gwani ba ya kunyata wanda ya latsa abin da bai kamata ba, don ya san in ya yi haka, na gaba zai ɓoye. "Madam, kin kyauta da kika faɗa da wuri," shi ne abin da yake cewa, hannunsa kuma na zare wayar kwamfutar daga bango. Kowane koke yana shiga rajista da lamba da lokaci, ba a bakin hanya ko a layin abinci ba. A ƙarshen wata ya duba ya ga firinta ɗaya ce ta cinye rabin lokacin yaransa, ya san maganinta sauyawa ne ba gyara ba.

Yaran nan kuwa ba zama za su yi ba. Wanda ya ƙware, Legas za ta kira shi, ko wani kamfanin waje ya ɗauke shi yana aiki daga ɗakinsa a Narayi. Don haka ba a barin ilimin wani abu a kan mutum ɗaya. Kowane aiki yana da takardarsa mataki-mataki, manyan kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan da aka liƙe a sef ɗin manaja. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ya zo koyon aiki, ko mai bautar ƙasa, yakan fara da share ƙura da liƙa lamba, ya wuce zuwa ɗaura kan waya, sannan karɓar koke. In ya yi wata biyu ko uku, sai wata Asabar a miƙa masa takardar dawo da ajiya da tsohuwar kwamfuta, a ce ya tayar da lissafin kamfani shi kaɗai. Oga na zaune a gefe, ba ya cewa uffan. Duk inda yaron ya tsaya yana sosa ƙeya, sai ya ja layi a ƙarƙashin wannan matakin, ranar Litinin ya sake rubuta shi da bayanin da ya fi fita.