Launi da Ado a Zanen Henri Matisse: Tsokaci Daga Mahangar Bahaushe

Manufar wannan maƙala ita ce auna salon Henri Matisse (1869-1954) da ma'aunin da Bahaushe ke auna ado da shi, domin kalmar "zane" a Hausa ta haɗa aikin magini da na maɗinki da na mai fenti, alhali manazartan Turai sun daɗe suna fifita zanen allo a kan sauran.

An haifi Matisse a arewacin Faransa, a yankin masaƙa. Shari'a ya fara karantawa, har ya yi akawun lauya, sai jinya ta kwantar da shi, mahaifiyarsa ta kawo masa kayan fenti. A 1905 ya baje zanen matarsa a Faris da kore a fuskarta, wani mai sharhi ya kira shi da abokansa "namun daji". Abin da ya tayar da hankali shi ne ya daina tilasta wa launi ya kwaikwayi halitta.

To, wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa gaban masu hula a Kasuwar Wunti ta Bauchi, ko ya dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a bangon zauren Zariya. A nan ba a neman inuwa ko zurfi. Shimfiɗe siffa ake yi, a bar launi ya kara da launi. Matisse kansa daga irin wannan rijiya ya sha: ya je Aljeriya a 1906, ya ga baje kolin fasahar Musulunci a Munich a 1910, ya zauna a Tanja ta Maroko a 1912 da 1913.

Sai dai akwai abin suka. A zane-zanensa na shekarun 1920 a Nice, matan da ya yi wa shigar Gabas sun zama tamkar labule ko darduma, ado kawai, ba mutane ba. Ƙarfinsa ya fi bayyana bayan tiyatar 1941, lokacin da tsayuwa ta gagare shi, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, ana liƙa masa su a bango inda ya nuna, aikin da ya fi kusa da na maɗinki.