Gwanin Tsani

Ƙwararren mai wayarin, tun bai taɓa waya ba ake gane shi, daga yadda yake kafa tsaninsa. Ina nufin tsanin nan mai ƙafa huɗu da ake buɗewa ya tsaya da kansa a tsakiyar ɗaki, wanda ake hawa a ɗaura fankar silin ko a canja ƙwan fitila. Gajartarsa ce ke sa a raina shi, alhali wanda ya rikito daga tsayin mita ɗaya da rabi ya faɗa kan tayil yana iya karya ƙugu ko ya fasa kai.

Gwanintar daga wurin saye take farawa. Tsanin alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ya dace da mai fenti da mai kanti. Sai dai wuta tana bin alminiyam, ga shi ta gidajenmu volt 230 ce. Shi ya sa mai wayarin yake neman na faibagilas, in bai samu ba ya ɗauki na busasshen katako, yana sane da cewa katakon ma in ya jiƙe wuta na bin sa. Ko an ɗauke wuta ba ya sakin jiki, don ana iya dawo da ita ba sallama, ko wani ya tada janareta a bayan gida. Yakan kashe ta daga tushe, ya gwada da tesita, sannan ya hau. Yana kuma duba tambarin da ke jikin tsani. Mai ɗauke da lambar EN 131, ma'aunin Turai, kilo 150 aka yi shi ya ɗauka, wato mutum da kayan hannunsa gaba ɗaya.

Wajen kafawa, sai ya buɗe shi iyakar buɗuwa har ƙarfen tsakiya ya miƙe ya kulle, ya girgiza ya ji ƙafafu huɗun duk sun zauna. Ba ya tokara gajeriyar ƙafa da bulo, ba ya naɗe shi ya jingina da bango. In kusa da ƙofa ne, za ka ji ya ce da yaronsa, "Kai, tsaya nan, kada kowa ya turo." Kuma yana juya tsanin ya fuskanci aikin, musamman in zai huda bango, domin ta gefe ne tsani ba ya jure turi.

Abin da ya fi burge ni yana can sama. Gwani yana hawa fuskarsa na kallon tsani, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya kullum a riƙe. Filaya da sukudireba suna cikin jakar ƙugu. Ya cire silifas ya sa takalmi mai kama ƙafa, ya tattare rigarsa don kada ta harɗe shi. Matakala biyu ko uku na ƙarshe ba ya taka su. A nan yake jingina gwiwa da cinya lokacin da aiki ya buƙaci hannu biyu. Sannan ga cibiya: ba ya yarda ta fita daga tsakanin sandunan tsanin biyu. Wani noti zai rage, taƙi ɗaya kacal ya fi ƙarfin hannunsa, zuciya tana cewa ɗan miƙa kaɗan. Sai ka ga ya sauko har ƙasa, ya matsar da tsanin, ya sake hawa. Sau goma aikin ya nema, sau goma zai sauko, ko da mai gida yana tsaye yana duba agogo. Wannan haƙurin ba a koyonsa rana ɗaya, kuma ni a wurina shi ne zuciyar sana'ar. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Burtaniya tana ba da shawarar cewa aikin da zai riƙe mutum a kan tsani fiye da minti 30 a nema masa wata hanya. Gwanayenmu ma haka suke yi: in aikin yini ne, sai su kafa dandamali irin na magina.

An tashi aiki, sai ya goge fenti da maiƙo daga matakalai, ya duba robar ƙafafu, don in ta cinye ƙarfe ne zai zauna a kan tayil. Na katako ba ya shafa masa fenti, saboda fenti yana rufe tsaga. Banish mai nuna jikin itace yake sa masa. Yana ɗage shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina, in hunturu ya busar da shi ya bi notuna ya ƙara ɗaurewa. Na faibagilas a inuwa yake ajiye shi, rana tana cin fatarsa. Na alminiyam da ya lanƙwashe kuwa ba ya miƙe shi da guduma. Yakan yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya ba 'yan gwangwan, don kada maƙwabci ya zo aro ya ɗauka.