Jinjina ga Masu Raba Saitin Kwamfuta Kyauta

Masu zuba fayilolin saitin kwamfutarsu a GitHub domin kowa ya ɗauka sun cancanci jinjina, don ba su yi rowar gwanintarsu ba.

Fayilolin saitin nan ƙanana ne irin su .bashrc, sunansu na farawa da ɗigo, shi ya sa Linux ke ɓoye su. A ciki ake rubuta launin allo da aikin kowane maɓalli. Kana iya kwafar ma'ajiyar wani ta zama taka, ka cire abin da bai yi maka ba, ka ƙara maɓallan ɓ, ɗ da ƙ. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana riƙe tarihin kowane gyara. Robby Russell ma ya saki tarin saiti mai suna Oh My Zsh a 2009, har yau ana gini a kansa.

Ga mai gyaran kwamfuta a Diffa, wannan babban gata ne. Zafi da ƙura sukan kashe na'ura, amma da ya sami wata, umarni kaɗan sun isa su dawo masa da saitinsa cif. Halin masu raba saitin ɗaya ne da na manomin tattasai na Assaga a bakin Komadugu, wanda ke adana iri mai kyau yana kuma ba maƙwabta.