Zanen Daura: Akwai Gwanaye, Babu Ma'ajiya

Wanda ke auna ƙarfin zane a gari da yawan zaurukan baje koli, irin waɗanda ake rataye hotuna a farin bango a liƙa musu farashi, zai zagaya Daura ya koma ya ce babu komai. Legas ce cibiyar wannan harka. A can ne Nike Okundaye ta buɗe katafaren gidanta na Lekki a 2009, a can kuma kasuwar Art X ke ci duk shekara tun 2016. Sai dai wannan mudu ba na ƙasar Daura ba ne. Zane ya daɗe a nan, yana da masu yi, da masu biya, da masu kallo su yaba ko su kushe. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wurin da za a ajiye aikin jiya tare da sunan wanda ya yi shi. A ganina wannan ne giɓin da ya kamata a yi magana a kai kafin a soma mafarkin kwaikwayon Legas.

A soma da gini, domin bango ne babban allon Bahaushe. Magini yakan tashi soro da tubali, ya ɗaura azara ya lanƙwasa bakan gizo, ya haɗa su a sama su ba da ɗaurin guga, ya fitar da zankwaye a kusurwoyi. Sannan, tun yaɓe yana ɗanye, a sa hannu a fitar da dagi da sauran zane a fuskar zaure, a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kare bangon daga ruwa. Wannan salo ne ake gani a unguwar Birni ta Damagaram, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda daga Daura zuwa Kwangwalam, kan iyakar Nijar, tafiya ce kaɗan, kasuwar Mai'adua kuwa tana haɗa mutanen ɓangarorin biyu. Babbar mai sa masu sana'a aiki kuwa ita ce fada. Bayan Turawa sun dawo da tsohon gidan sarauta daga Zango a 1906, inda suka naɗa Malam Musa, sarakuna biyu kacal suka riƙe Daura kusan shekara ɗari: Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007. Kowane naɗi yana buƙatar alkyabba da rawani, kowane hawa yana buƙatar sirdi da jalala da ɗan ƙirji, ga hawan sallah biyu ga na Gani da Daura ta yi suna a kansa. Baduku da maɗinki da maƙeri sun san ranar da gari zai fito ya duba aikinsu, kuma 'yan kallo ba sa ɓoye ra'ayi kan dokin hakimin da ya fi ado.

Bayan fada akwai gidan malam da ɗakin amarya. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani aiki ne na lissafi da launi wanda ba kowane alaramma ke iyawa ba, shi ya sa ake neman gwaninsa a biya shi. Aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, mai ido yana bambance na gwani da na ɗan koyo tun daga nesa. Jere kuwa, wanda marubuta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ya fi kowanne kama da baje koli: mata su jera ƙore da tasoshi, daga baya kwanuka da langa, yanzu kuma tangaran a kabad, su daidaita girma da launi, sannan a buɗe ƙofa dangi su zo ganin ɗaki. Akwai mai tsarawa, akwai ranar buɗewa, akwai masu sharhi, wasu da kaifin harshe.

Zanen takarda da ƙyalle ta makaranta ya shigo Arewa. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce sai an haɗa dabarun Turai da gadon gida. Sun yi gaskiya, kuma sun canza zanen Nijeriya. Amma gadon da suka koma wa na garuruwansu ne. Okeke ya ɗauki zanen uli na Ibo ya tafi da shi har Nsukka, sauran suka yi Ibadan da Legas, inda masu saye suke. A daidai wannan lokaci, cikin ganuwar Zazzau, magina suna zana keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, abin da Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1963. Ke nan sabon zane iri biyu yana tashi a gari ɗaya, ɗaya a Samaru, inda kwalejin take, ɗaya a birni. Na Samaru ya shiga littattafan tarihi da sunan kowa. Na birni yawancinsa damina ta wanke. Daga baya hawan daba ya zama abin da masu fenti suka fi so, ana sayar da shi a otel-otel na Abuja, da sa hannun mai fentin a ƙasa, alhali wanda ya ɗinka kayan dokin da ya ba hoton kyau ba wanda ya tambayi sunansa.

Za a ce addini ne ya hana zane girma a irin su Daura. Gaskiya ne malamai sun tsananta a kan sura mai rai, musamman mutum-mutumi, kuma wannan ya sa sassaƙa irin ta Ife ko Bini ba ta da gurbi a nan. Amma hanin bai shafi dagi ba, bai shafi zayyana ba, bai shafi fure ko rubutu ba, hasali ma shi ya tura basira ta wannan hanya har ta ƙware. Ƙasashen Musulmi da suka fi mu tsufa a addinin, irin su Masar da Maroko da Turkiyya, suna da manyan gidajen ajiye rubutun hannu da ado. Kuma duk wanda ya tsaya a tasha ya dubi bayan manyan motoci, da zakuna da mikiya da mahaya da aka zana a kai, ya san cewa ido bai ƙi hoto ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wai duk wannan sana'a ce, maimaita abin da aka gada, ba ƙirƙira ba, don haka ba a buƙatar suna. Shaida ba ta goyi bayan haka ba. Zazzagawa ba su manta da Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, saboda sun ga ya yi abin da wani bai yi ba. Falke Barmu, magini daga ƙauyen Yama a yankin Tawa, masallacin ƙasa da ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ladi Kwali tana ginin tukwane kamar sauran matan yankinsu kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954, yau kuma hotonta na bayan naira ashirin. Hannunta ya riga ya ƙware, cibiyar ta ƙara mata dabarun gashi, ta kuma rubuta sunanta ta kai aikin waje. Mu kuwa mantuwarmu tsohuwa ce. Labarin Bayajidda ya riƙe sunan tsohuwa Ayana, ya riƙe sunan macijiyar rijiyar Kusugu, amma maƙeran Gaya da suka ƙera masa makamin a dunƙule aka ambace su.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne saurin sauyin kayan aiki. Siminti da kwano sun kori tubali da azara, kuma babu adalci a zargi mai gida da ya gaji da yaɓe duk shekara. Keken kwamfuta yana fitar da aikin riga cikin sa'o'i, na'urar buga fasta ta karɓe abincin masu rubutun allon shago. Basirar ba ta mutu ba, ta koma silin na filasta, da ƙofofin walda, da hula, da lallen amare, inda 'yan mata ke fitar da sabon salo kusan kowace kaka suna tallarsa a Instagram da TikTok, kuma, abin lura, da sunansu a jiki. Matsalar ita ce kowane zubi yana tafiya ba tare da ya bar samfuri ba. Mai son ganin kayan Hausa a tare zai tuna cewa babban baje kolinsu, wanda David Heathcote ya shirya, a Landan aka yi shi a 1976. Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Katsina, da ke tsohon ginin kwalejin da aka buɗe a 1922, suna ƙoƙari, amma tarihin sarauta da yaƙi da karatu ne suka fi ba wuri.

Akwai masu tsoron cewa gidan ajiya makabartar al'ada ce, rigar da aka sa a gilashi ta daina zama riga. Tsoron yana da tushe idan ma'aikata aka turo daga Abuja suka kwashi kaya suka kulle. Abin da ya dace da Daura ya fi wannan sauƙi da arha: a ɗauki hoton fuskokin tsoffin gidaje a Daura da Zango da Baure da Sandamu, a rubuta magininsu daga bakin waɗanda suka sani, a sayi aikin gwanayen da ke raye a rubuta suna da shekara, a baje shi kusa da Kusugu, inda baƙi ke zuwa dama, musamman lokacin Gani. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a garin a 2019 tana da ɗaliban da za su iya awo da ɗaukar hoto. Riƙon wurin kuwa, fada ta fi ma'aikatar gwamnati cancanta, domin kasafin gwamnati yana sauyawa da kowane zaɓe, ita kuma ta hannun sarakunan sana'a da masu unguwanni za ta iya sanin gidan kowane tsohon magini cikin mako guda.